Annoba da Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magani a Asibitoci

Bijirewar ƙwayoyin cuta ga antibayotik shi ne yanayin da bakteriya ke sabawa da magani har ya daina kashe ta, sai a yi ta allura ana ɗura kafso amma ciwo na nan. Matsalar ta girmi korona, don binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu sanadiyyarta a 2019 kaɗai, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Annoba wuta kawai take ƙara mata.

Babbar hanyar ita ce ba da magani barkatai. Korona bairus ce, antibayotik ba ya taɓa bairus ko kaɗan, amma da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ayyana annobar ranar 11 ga Maris 2020 likitoci sun rasa abin ba marasa lafiya, ga zazzaɓi ga tari ga sarƙewar numfashi kamar nimoniya, sai aka dinga rubuta antibayotik irin su azitromaisin da seftirayazon don gudun ko-ta-kwana. A 2024 WHO ta ce cikin waɗanda aka kwantar da korona kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai ke da bakteriyar da ke buƙatar maganin, amma wajen kashi 75 aka ba shi. Duk sanda aka sha shi ba dalili raunanan bakteriyar jiki su ke mutuwa, masu taurin kan su samu fili su hayayyafa, har su miƙa wa wasu bakteriya ƙwayar gadon da ke kare su.

Sai kuma cunkoson da aka yi a asibitoci lokacin korona. Majinyaci ya daɗe a gado da robar fitsari, da layin ƙarin ruwa, wani da na'urar numfashi, kowanne ƙofa ce da ƙwayar cuta ke bi ta shiga jiki. Nas ɗaya na duba gadaje da yawa, safar hannu da rigar kariya sun yi ƙaranci har ana maimaita su, ɗakin gwaji kuma ya koma gwajin korona. Ko a Amurka da ke da kayan aiki, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce irin waɗannan cututtuka da ake ɗauka a asibiti sun ƙaru da aƙalla kashi 15 daga 2019 zuwa 2020, bakteriyar Asinetobakta mai bijire wa kabafenem, maganin da ake ajiyewa sai ta ɓaci, ta haura da kashi 78.

A Kebbi da Zamfara abin ya fi haɗari ta wani gefen, don kafin mutum ya taso daga ƙauye zuwa babban asibiti a Birnin Kebbi ko Gusau ya riga ya bi ta kemis ya sha amfikulos ko ja-da-yalo, yawanci ma rabin kati, da ya ji sauƙi ya watsar. Gwajin da ake shuka ƙwayar cutar a lab a ga wane magani ne ke kashe ta yana cin kwana biyu zuwa uku, ga kuɗi, shi ya sa sau da yawa likita ke rubuta magani da kintace.

Kuma mu annobarmu ba korona kaɗai ba ce. Sanƙarau da ya ɓarke a Zamfara ƙarshen 2016 ya shiga 2017 bakteriya ce ke kawo shi, seftirayazon ɗin nan da ake bankawa mai mura shi ne maganinsa, in ya daina ci to akwai matsala babba lokacin zafi. WHO ta kasa antibayotik gida uku, na yau da kullum, na sa ido, da na ajiya, seftirayazon da azitromaisin duk suna cikin na sa ido. Najeriya ma ta fitar da tsarinta na ƙasa kan matsalar tun 2017, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ce ke jan ragamarsa a ɓangaren lafiyar ɗan Adam.