Maganin ƙarfi da samarin Maraɗi suke nema

Da wuya rana ta faɗi ban ji wannan maganar ba a ɗakin duba marasa lafiya: "Likita, jikina ya mutu, a ba ni maganin ƙarfi." Yawanci samari ne, ƴan kabu-kabu da masu dako a babbar kasuwa, har da ɗalibai. In na ce ɗan'uwa, me kake sha kafin ka zo nan, sai ya sunkuyar da kai. Tramol da safe, kwalbar lemon ƙara kuzari da rana, shayi mai ɗaci a fada, wato majalisar hirar samari, har ƙarfe biyun dare.

Tramol maganin ciwo ne mai sa maye da sabo. Ko ga babban mutum mai ciwo, ƙa'ida ba ta wuce miligiram 400 a yini ba, amma a wanda ake sayarwa kan tebur akwai mai 225 a ƙwaya ɗaya, biyu kaɗai sun haye iyaka. Aikinsa toshe kukan gajiya da jiki ke yi, sai mutum ya ci gaba da aiki yana cin bashin gobe. In ya yi yawa yana kawo bugun farfaɗiya, kuma abin da ke tayar mini da hankali shi ne ya kama yaro yana bisa babur da fasinja a baya. Shi ma shayin dare, rabin sinadarin da ke hana barci yana nan cikin jini bayan kamar awa 5, alhali babba yana bukatar barcin awa 7 ko fiye.

Sau da yawa in mun gwada jinin masu kukan mutuwar jiki, sai mu tarar ƙarancin jini ne, ko zazzaɓin cizon sauro da aka sha wa magani rabi aka bari. A zafin Afrilu da Mayu kuwa, da ake wuce digiri 40, ƙishirwa kaɗai tana kashe jiki. Abincin da zai gina jiki kuwa yana kusa: ga zogale na zuwa daga Jiratawa, ga wake da ƙuli-ƙuli, ga fura da nono. Kuɗin ƙwayoyin yini ɗaya sun isa kwaɗon zogale mai kyau.

Akwai kuma kasalar da gwajin jini ba ya nunawa. Saurayi ya tashi da safe babu abin da ke jiransa, sai tabarma da waya. Wannan ta fi ba ni tausayi, domin zuciya ce ta gaji. Na ga masu irinta sun warware da suka kama wani abu da hannunsu: kiwon tunkiya, koyon ɗinki ko gyaran babur, lambu a bakin Gulbi, koya wa ƙanne karatu bayan magariba. Garinmu garin kokowa ne, Kantu ɗan Maraɗi ne ya lashe gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975. Kokowa da langa da ƙwallon yamma duk motsa jiki ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako take nema, wato rabin awa sau biyar. Fadar ma ina sonta, hira da abokai tana raya zuciya, a dai kashe gawayin da wuri.

Wanda jikinsa ya riga ya saba da tramol kada ya yanke shi dare ɗaya shi kaɗai, domin gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su mayar da shi. Ya zo asibiti mafi kusa, tare da yayansa ko amininsa in yana jin nauyi, mu tsara yadda za a rage a hankali. Abin da ya faɗa mana ba ya fita daga ɗakin.