Haɗin gwiwar jami'o'in duniya a fagen jin daɗin jama'a: wa ke tambaya, wa ke amfana?

Duk wanda ya ratsa jami'a ya san hoton nan: shugaban jami'a da baƙo daga waje suna musabaha, takarda a gabansu, a ce an rattaba hannu a kan yarjejeniya. Daga nan sau da yawa ba a ƙara jin ɗuriyarta. Ɗaliban sashen jin daɗin jama'a da na nazarin zamantakewa sukan tambaye ni abin da ke cikin irin wannan takarda. Ga tambayoyin da suka fi yawa.

Me ake nufi da haɗin gwiwa da musaya a nan?

Ɗalibi ya je wata ƙasa ya yi zangon karatu ɗaya ko ya koyi aiki a gidan marayu ko asibiti, malami ya je ya koyar, ko jami'o'i biyu su yi bincike tare su wallafa tare. Akwai kuma duba ɗalibin digirin digirgir tsakanin malamai biyu na ƙasashe biyu. Hanyoyin da aka fi sani su ne shirin Fulbright na Amurka da aka kafa a 1946, da hukumar DAAD ta Jamus da ta samo asali tun 1925, da shirin Erasmus na Turai da ya fara a 1987, wanda daga baya ya buɗe ƙofa ga jami'o'in Afirka.

Sabon abu ne?

A'a. A 1928 aka yi babban taron duniya na farko kan aikin jin daɗin jama'a a birnin Faris, kuma daga shi ƙungiyar makarantun wannan fanni ta duniya, IASSW, ta fito. Shugabarta ta farko ita ce Alice Salomon, Bajamushiya da ta buɗe makarantar horar da mata a Balin a 1908, wadda gwamnatin Nazi ta kora daga ƙasarta a 1937. A Afirka kuwa, makarantar Jan Hofmeyr da aka buɗe a Johannesburg a 1941 ta horar da mutane daga ƙasashe dabam-dabam. Winnie Mandela ta yi karatu a can, haka ma Joshua Nkomo na Zimbabuwe.

Ai matsalar kowane gari daban ce. Me za mu koya a wata ƙasa?

Da yawa. Wanda bai taɓa ganin yadda wata ƙasa ke ajiye bayanan yaron da aka ci zarafinsa ba, daga ranar da aka kawo ƙara har ranar da aka rufe fayil, ba zai gane girman giɓin da ke ofishinsa ba. Haka kuma wasu matsalolin ba su san iyakar ƙasa ba. 'Yan gudun hijirar yankin Tafkin Chadi suna warwatse ne a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma 'yan ci-ranin da ke ratsa Agadas sun fito daga ƙasashe da dama. Mai bincike ɗaya a gari ɗaya gefe guda kawai zai gani.

Su ma na waje suna da abin koya daga gare mu. A 2014, a taron Melbourne na Ostareliya, manyan ƙungiyoyin duniya biyu na aikin jin daɗin jama'a, ciki har da IASSW, sun amince da sabuwar ma'anar aikin, inda suka sanya ilimin gargajiya na al'ummomi cikin tushensa. Wannan sauyi bai zo haka kawai ba, malaman Afirka da Asiya da wasu sassa ne suka daɗe suna jayayya a kai.

To ina matsalar take?

A wurin wanda ya tsara tambayar. Tun 1981 James Midgley, masani ɗan asalin Afirka ta Kudu, ya rubuta littafi yana kiran abin da ake yi mulkin mallaka ta hanyar sana'a: a ɗauko salon da aka gina don mutumin Landan ko Shikago, wanda ke zaune shi da matarsa da 'ya'ya biyu, a kawo ƙauyen da gida ɗaya ke ɗauke da mutum talatin.

Na taɓa zama tafinta a wani bincike da aka tsara takardar tambayoyinsa a waje. Muna zaune a zaure, maigida a kan buzu, na karanta masa tambayar farko: mutum nawa ne a gidanka? Ya dube ni ya ce, "Ɗana, waɗanda ke kwana a ciki, ko waɗanda nake ciyarwa?" Ƙannensa biyu suna da sassansu a gidan, noma tare suke yi, amma tukunya ta rabu tun bara. Akwai kuma yarinyar ƙanwarsa da ake riƙonta a wurin uwargida. Takardar akwati ɗaya ta ba ni in rubuta lamba, kuma duk yaron da ba ya tare da iyayensa ta sanya shi a layin masu rauni. Yarinyar nan kuwa ita ce 'yar lelen gidan. Da an zauna da mu kafin a buga takardar, da kalmomin gandu da riƙo da tukunya sun shiga cikinta, da lissafin ya fito daidai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, daga irin wannan lissafi ake tsara tallafi.

Sai batun suna. Tsakanin 1949 da 1950, wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa Bahaushiya mai suna Baba a ƙasar Zazzau, yayin da mijinta M. G. Smith ke nasa binciken. Baba ta ba da labarin rayuwarta, na aure da kishi da ƙawance da zamanin bauta, aka buga shi a 1954, har yau kuma ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ina ganin ƙimar wannan aiki ƙwarai, domin ya adana muryar mace Bahaushiya a lokacin da ba mai nemanta. Amma Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba, kuma da Turanci ya fita. Shekara saba'in bayan haka, har yanzu ana samun matashin da ya yi wata uku yana hira da mutane, ya fassara, ya bayyana ma'anar kowace kalma, sannan sunansa ya ƙare a layin godiya.

An taɓa yin wanda ya yi kyau?

An yi. A 2011 wata jami'ar Ostiriya da ke yankin Carinthia ta haɗa kai da Jami'ar Makerere ta Yuganda da Jami'ar Nairobi da takwarorinsu na Ruwanda da Tanzaniya a shirin PROSOWO. Sun yi bincike kan matsayin aikin jin daɗin jama'a wajen yaƙi da talauci, sun gyara manhaja, sun fitar da littattafai da malaman Gabashin Afirka suka rubuta, har da na hanyoyin gargajiya na taimakon juna. Abin da ya burge ni shi ne, jami'o'in Afirka huɗun sun san juna ta dalilinsa.

Dole sai da Turai ko Amurka?

Ko kusa. CODESRIA, majalisar bunƙasa binciken zamantakewa a Afirka, tana Dakar tun 1973, kuma Samir Amin na Masar da Thandika Mkandawire na Malawi duk sun jagorance ta. Tana ba da tallafin bincike, tana shirya horo, tana buga littattafai. A Yamai akwai cibiyar LASDEL da aka kafa a 2001, wadda masanin zamantakewa Jean-Pierre Olivier de Sardan yake cikin waɗanda suka assasa ta. Masu bincikenta, galibinsu 'yan Nijar da Benin, sun yi fice wajen nazarin yadda asibiti da kotu da ofishin gwamnati ke aiki a zahiri, ba yadda aka rubuta a takarda ba.

Nan ne takaicina yake. Malamin Katsina ya fi sanin abin da ake rubutawa a Ingila fiye da abin da ake rubutawa a Maraɗi, alhali tafiyar sa'o'i kaɗan ce tsakaninsu. Ɗaya na rubutu da Turanci, ɗaya da Faransanci, amma mutanen da suke nazari da Hausa suke magana, auren wuri da bara da adashi da zakka duk iri ɗaya ne. Da Hausa za su iya yin taron gaba ɗaya.

Kuɗin fa?

Mai kuɗi shi ke da ta cewa, kuma yana iya janyewa. A 2021 Birtaniya ta rage kuɗin agajinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, ayyukan bincike da dama da ake yi tare da jami'o'in Afirka suka gamu da yanke kuɗi ana tsakiyar aiki. A Najeriya asusun TETFund na ba malamai tallafin bincike da na halartar taruka. Jami'ar da ta sa nata kuɗin, ko kaɗan ne, takan zauna a teburin da ƙarfin gwiwa.

Me ɗalibi ko malami zai duba kafin ya shiga?

Ya tambaya tun farko, kuma a rubuce: wa ya tsara tambayoyin binciken, ina za a ajiye hirarrakin da aka naɗa, sunan wa zai hau maƙala kuma a wane jeri, nawa ne kason jami'arsa. Ba rashin kunya ba ne. Ƙa'idar haɗin gwiwar bincike ta TRUST ta 2018, wadda Tarayyar Turai ta ɗauka a ayyukan da take tallafawa, ta tanadi irin wannan adalci, kuma al'ummar San ta Afirka ta Kudu ta fitar da nata sharuɗɗan ga masu bincike tun 2017. Idan musayar ɗalibai ce, ya bincika ko za a lissafa masa makin da ya samu a can, kuma ko ɗalibai nawa ne daga nan suka samu biza suka je a bara, domin musaya da yawa hanya ɗaya take bi. Sannan ya nemi a sa kuɗin komawa garin da aka yi binciken a cikin kasafi, a tara mai unguwa da matan da aka yi hira da su, a karanta musu sakamakon da harshensu kafin a kai shi wani taro a waje.