Ma'anar "tsatsa", da abin da ke kafe murfin bawul ɗin taya

Da wuya a kunna rediyo da dare a 'yan kwanakin nan ba a ji wani sojan baka yana cewa jam'iyya kaza ta yi tsatsa, ko ma'aikata kaza ta yi tsatsa ba, har kalmar ta zama sunan duk wani abu da ya tsufa ya ƙi motsi. Ban damu da 'yan siyasa ba, domin aron kalma sana'arsu ce. Abin da ya dame ni shi ne yadda wannan sakacin ya biyo mu har rumfar mai faci, inda kiran abu da sunan da ba nasa ba yake jawo asarar kuɗi.

Tsatsa ta gaskiya cutar baƙin ƙarfe ce. Idan ruwa da iska suka daɗe a jikinsa sai ya fitar da jan gari, kamar yadda ake gani a bakin garmar da ta kwana a gona. Wannan kowa ya sani.

Wata Alhamis muna hanyar kasuwar Maigatari, direbanmu ya tsaya ƙara iska, murfin bawul ɗin tayar baya, wato ɗan bakin da ake ƙara iska ta cikinsa, ya ƙi kwancewa. Murfin irin mai ƙyallin nan ne na alminiyam da samari ke saye don ado. Mai facin ya ɗauko filaya yana cewa, "Malam, ai tsatsa ce, shekaru ne." Na ce masa, "Maigida, motar ce tsohuwa, murfin nan bai fi damina ɗaya ba." Da aka samu ya fita, abin da ke cikin zarensa, wato layukan da ake murɗa shi a kai, farin gari ne kamar toka, babu ɗigon ja ko ɗaya, kuma babu baƙin ƙarfe a wurin balle ya yi tsatsa. Bakin bawul ɗin tagulla ne, murfin kuwa alminiyam.

Abin da ya faru shi ne, idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu jiki da jiki, sannan danshi mai ɗan gishiri ya shiga tsakaninsu, sai su zama ƙaramin batir, wuta mai rauni ta riƙa gudana, ɗayansu kuma ya riƙa cinyewa. Tsakanin tagulla da alminiyam, alminiyam ne ke cinyewa, kuma garin da yake fitarwa ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri, saboda haka sai ya cika zaren ya ɗaure shi tamau. Laka ta damina ta isa ta kawo danshin, balle motar da ke dakon taki da gishiri zuwa kasuwannin ƙauye.

Masana sun raɗa wa wannan ci suna "galvanic corrosion" a Turance, daga sunan Luigi Galvani, likitan birnin Bologna na Italiya wanda ya rasu a 1798, wanda ya lura cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana zabura idan aka taɓa ta da ƙarafa iri biyu. Shi ya ɗauka wutar daga jikin dabbar take, wani masanin Italiya, Alessandro Volta, ya ce daga haɗuwar ƙarafan take, kuma daga wannan gardamar Volta ya ƙera batir na farko a 1800. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, wannan cin da ke ɓata mana bawul shi ne ke kare rufin ɗakunanmu. Kwanon rufi baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya da gangan, domin tutiyar ta riƙa cinyewa a madadinsa, ko da ƙusa ta karce shi. Sai tutiyar ta ƙare sannan jan tsatsa ya bayyana, shi ya sa kwano mai kaurin shafi yake daɗewa, mai araha kuwa ya yi ja da wuri. A kan rufi ɗaya ana iya ganin abubuwan biyu, farin ci da jan tsatsa, amma duk mun haɗa su a kalma ɗaya.

Illar haɗawar ita ce, wanda ya ce tsatsa zai ɗora laifin a kan tsufa, ya sa ƙarfi, alhali sabon murfin ne mai laifi. Bawul ɗin taya marar tub roba ce ke riƙe da shi a jikin rim, murɗawa da ƙarfi sai ta yage robar, iska ta fice. A motocin da aka shigo da su daga Amurka, inda doka ta wajabta na'urar auna iskar taya tun 2007, sau da yawa na'urar a gindin bawul ɗin take, kuma karya ta ya fi kuɗin faci nesa ba kusa ba.

Abin da ya kamata shi ne a ɗiga kananzir ko man kwance ƙarfe a gindin murfin, a ba shi lokaci ya ratsa, sannan a riƙe jikin bawul ɗin da filaya ɗaya, a murɗa murfin da wata, gaba da baya a hankali. Idan ya ƙi, a tsaga murfin a tsaye da bakin zarto, a tsaya kafin a kai ga zaren tagullar, sai a ɓare shi. Kada a kusantar da wuta, domin akwai roba a ciki da waje. Shi murfin ba shi ke tare iska ba, ƙwayar da ke cikin bawul ce ke yin wannan, aikinsa hana ƙura da laka shiga, kuma baƙin murfin roba da ke zube a kwanon kowane mai faci yana yin aikin ba tare da ya kafe ba. Shi muka sa wa tayar kafin mu tashi.