Wa ke ba da umarni idan hankali ya tashi? Abin da dokar Kamaru ta ce kan harbi da tsarewa

Tun bayan zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 2025 da tarzomar da ta biyo baya a Garwa da wasu garuruwa, wata magana ta ƙi mutuwa a teburin mai shayi da zaurukan WhatsApp. Wai da zarar motocin soja sun shigo unguwa, shi ke nan an shiga dokar ta-ɓaci, kowane mai kaki yana da izinin harbi ba tambaya. Wasu sun ƙara mata gishiri: wai ko gobara ce ta tashi a kasuwa, duk wanda aka tarar a wurin, perefe, wato shugaban gunduma, na iya kulle shi kwana 15 alƙali bai ga fuskarsa ba. Abin ya kai ka ji dattijo mai hankalinsa yana gargaɗin ɗansa cewa in ya ga hatsari a hanya kada ya kuskura ya tsaya. A cikin wannan magana akwai ƙarya tsagwaronta, akwai kuma gaskiyar da aka ja ta har ta wuce inda doka ta ajiye ta.

Ta dokar ta-ɓaci ita ce mai sauƙi. Sashe na 9 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kaɗai ikon ayyana ta, da dikiri, wato rubutaccen umarninsa, da ake karantawa kowa ya ji, kamar yadda aka yi wa lardin Arewa maso Yamma bayan zaɓen 1992. Gwamna ba ya ayyana ta, kanar ba ya ayyana ta. Ganin sojoji a shatale-tale, ko hana babura fita da dare, mataki ne na kiyaye zaman lafiya da hukumomin mulki ke ɗauka ƙarƙashin dokar yau da kullum.

Wannan doka ita ce mai lamba 90/054 ta ranar 19 ga Disamba 1990, wadda ta fito rana ɗaya da dokokin da suka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa da 'yancin kafa ƙungiya. Gajeriya ce ƙwarai, a tsaye ma mutum zai karance ta. Abin da ta kafa shi ne cewa alhakin zaman lafiya a wuyan farar hula yake: gwamna a jiha, perefe a gunduma, superefe a ƙaramar gunduma. Su ke da ikon sa a binciki mutane da kaya a hanya, su ke neman 'yan sanda da jandarmomi su fito a kare ko a maido da oda. Don haka idan rikici ya ɓarke a Kuseri, mutumin da doka ta ɗora wa nauyi shi ne perefen gundumar Logone-et-Chari, ko da a wurin akwai hafsan da taurarin kafaɗarsa suka fi ƙarfin ƙirga.

Abin da ke rikita mutane shi ne masu kakin ba gida ɗaya suka fito ba. 'Yan sanda na ƙarƙashin babbar hukumar tsaron ƙasa, DGSN, wadda ke amsa wa fadar shugaban ƙasa kai tsaye, kuma a 2010 aka ɗora Martin Mbarga Nguélé a kanta. Jandarmomi sojoji ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Masu kashe gobara, pompiye, su ma sojoji ne. BIR, rundunar sojan kai ɗaukin gaggawa da aka kafa tun asali don yaƙi da zargina masu tare hanya a nan arewa, tana da nata layin umarni. Kowa da ubangidansa, kuma kwamishinan 'yan sanda ba ya ba kwamandan birgad umarni, shi ma kwamandan ba ya ba kwamishina. Wurin da layukan ke haɗuwa shi ne teburin perefe.

Yadda aikin ke tafiya kuwa, perefe ke faɗin abin da ake so: a buɗe hanyar nan, a watse taron can, a killace kasuwa. Kwamandan da aka nema shi ke zaɓen mutum nawa zai tura, ta ina za su shiga, da me za su riƙe. Perefe ba ya tsayawa yana jera dakaru, kwamanda kuma ba ya ƙirƙiro wa kansa aikin da ba a nema ba. Ana kuma hawa ne mataki-mataki. Da farko 'yan sandan komisariya da jandarmomin birgad na wurin. In abin ya fi ƙarfinsu a kira rundunonin kwantar da tarzoma, irin su GMI na 'yan sanda da rundunonin tafi-da-gidanka na jandarmomi. Soja shi ne na uku, na ƙarshe, kuma sai an neme shi. Lamido, lawan, jauro da bulama, dikirin 1977 ya sa su mataimakan hukumomin mulki. Suna kai rahoto, suna kwantar da jama'a, amma ba sa umartar mai bindiga. 'Yan sintiri ma haka.

Akwai layi na biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan, wanda mutane kan manta. Da zarar an sami gawa ko an kama wani da zargin laifi, bincike ya koma hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati, porokirer. Ɗan sandan da ke karɓar umarnin perefe wajen tare hanya, idan ya zauna ɗaukar jawabi, porokirer yake yi wa aiki. Wannan bambanci zai yi amfani idan mun zo kan tsarewa.

Bala'in da ba na tarzoma ba, irin su ambaliya ko babbar gobara, yana da nasa tsari. Iskar gas da ta taso daga tafkin Nyos a Agustan 1986 ta kashe mutum sama da 1,700, kuma a Disambar shekarar aka yi dokar sake tsara kare fararen hula. Dikirin 9 ga Maris 1998 ya fayyace wanda ke tayar da shirin agajin gaggawa: perefe a gunduma, gwamna a jiha, sakatare janar na fadar shugaban ƙasa idan abin ya shafi ƙasa baki ɗaya. Kwamitin da ake kafawa ya haɗa 'yan sanda, jandarmomi, pompiye, jami'an lafiya da sauran ma'aikatu. A ambaliya irin ta daminar 2024, wadda ta ci gadar Yagwa, tsarin da doka ta tanada ke nan. Aikin ɗan sanda a irin wannan rana killace wuri ne, buɗe wa motar asibiti hanya, da hana masu ɗiban ganima.

Killacewar nan tana da dalili da mutanen Marwa suka sani sarai. A ranar 22 ga Yuli 2015 bam biyu suka tashi, ɗaya a babbar kasuwa, ɗaya a unguwar Barmare, kwana uku bayan haka wani ya tashi a Pont Vert. A yankin tafkin Cadi an sha ganin hari na biyu ya faɗa kan jama'ar da suka taru kallon na farko. Idan jandarma ya daka maka tsawa ka ja da baya, yawanci wannan yake gudu.

Amma ja da baya daban, ƙin taimako daban. Nasihar dattijon nan ta juya doka ne a bai-bai. Sashe na 283 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin wata 1 zuwa shekara 3 ga wanda ya ga mutum cikin haɗarin mutuwa ko mummunan rauni, yana da halin taimaka masa ba tare da ya jefa kansa ko wani cikin haɗari ba, ya ƙi. Kiran agaji ma taimako ne: 117 'yan sanda, 113 jandarmomi, 118 pompiye. Gaskiya ne wanda ya kai mai rauni asibiti ana iya riƙe shi da tambayoyi har ya yi da-na-sanin ranar, kuma wannan halin ne ya haifi tsoron. Duk da haka shaida ne shi a idon doka. Inda mutum ke shiga laifi shi ne taron da aka ce ya watse. Sashe na 232 ya ce mutum 5 ko fiye a kan titi, cikin yanayin da zai iya ta da zaune tsaye, wanda bai janye ba bayan gargaɗin farko yana fuskantar kwana 15 zuwa wata 6, kuma hukuncin na ninkawa in sai da ƙarfi aka watse su.

Sai maganar harbi. Sashe na 3 na dokar 1990 ya haramta amfani da makami a aikin kiyaye oda na yau da kullum. Har harbi sama da harbin harsashin banza ya hana, abin da mutane da yawa ba su sani ba don sun saba jin ƙararsa. Abin da ya yarda da shi barkonon tsohuwa ne, da kulki, da makamantansu da ba sa kisa, su ma sai in ya zama dole. Sashe na 4 ya buɗe ƙofa a hali biyu kacal: idan ana yi wa jami'an mummunan farmaki da ya game wuri, ko an harbe su da bindiga. Ko a nan ma sharuɗɗa uku ne a jere. Sai hukumar mulki ta nema a fili, sai ya zama ba su da wata hanyar kare kai, sai an yi gargaɗi sau da yawa da lasifika ko wata hanya. Wanda ya saɓa, dokar ta mai da shi ga hukuncin sashe na 275 na kundin hukunta laifuka, wato na kisan kai, ɗaurin rai da rai.

A takarda wannan tsauri ne na gaske, kuma duk mai cewa doka ta ba soja izinin harbin taro ƙarya yake yi wa doka. Sai dai sashe na 5 na biye, kuma shi ne ramin. Ya ce a kan manyan 'yan fashi da gungun 'yan tawaye masu makami ana iya amfani da makami ba tare da jiran neman hukumar mulki ba. Ba mai hankalin da zai ce sojan da Boko Haram suka yi wa kwanton ɓauna a bayan Mora ya jira takardar perefe. Matsalar ita ce dokar ba ta zana iyakar wanda ake kira babban ɗan fashi ba, kuma wanda ke yanke hukuncin a cikin daƙiƙa shi ne mai riƙe da bindigar. Bayan an harba ne ake ba mamaci suna. A jihar da yaƙi da zanga-zanga ke iya faruwa a gunduma ɗaya, wannan giɓi ba ƙarami ba ne.

Irin wannan giɓin ne ke cikin maganar kwana 15. Tsarewa iri uku ce, jita-jita ta dunƙule su wuri ɗaya. Ta farko ita ce ta bincike, ƙarƙashin kundin shari'ar laifuka na 2005: awa 48, ana iya sabuntawa sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin porokirer, shi ma sau biyu kawai. Wanda ke da sanannen mazauni ba a tsare shi sai a babban laifi ko an kama shi dumu-dumu, kuma da hujja mai ƙarfi. Wannan ce ta shafi mafi yawan mutanen da ake kwasa bayan gobara ko faɗan kasuwa. Ta biyu ita ce ta dokar ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014, kwana 15 da mai gabatar da ƙara na kotun soja ke sabuntawa. Ta uku ita ce ta hukumar mulki a sashe na 2 na dokar 1990, kwana 15 da ake iya sabuntawa, amma an ɗaure ta da sharaɗi: sai cikin yaƙi da manyan 'yan fashi.

Ke nan perefe ba shi da ikon kulle mai kallon gobara, ko ɗan kasuwar da ya ɗaga murya a taro, ko matashin da ya tura saƙo a waya, da sunan wannan sashe. Amma dokar ba ta faɗi sau nawa ake sabuntawa ba, ba ta kuma wajabta a kai mutum gaban alƙali kafin a sabunta ba. Lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna kukan ana amfani da ita kan 'yan adawa da masu zanga-zanga da ba su taɓa tare hanya ba. A ganina dokar da ta tanadi rai da rai ga wanda ya harba ba bisa ƙa'ida ba, bai kamata ta bar ƙofar tsarewa a buɗe haka ba. An yi ta ne lokacin da ake buɗe fagen siyasa, gwamnati na ba da 'yanci da hannun dama tana riƙe wani abu a hagu, kuma sama da shekara 30 ke nan ana aiki da ita.

Don haka idan aka kama naka, tambayar farko a komisariya ko birgad ita ce wace irin tsarewa ce, wa ya sa hannu, kuma yaushe aka fara ƙirga. Amsar ce ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ta porokirer, ta kotun soja, ko ta perefe. Sashe na 584 na kundin 2005 ya ba shugaban babbar kotun gunduma ikon sauraren buƙatar sakin wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, kuma ya ambaci tsarewar hukumar mulki da sunanta. Ba dole sai wanda aka tsare ya shigar da kansa ba. Uwa, mata, ƙane ko maƙwabci na iya rubutawa a madadinsa, kuma ba a manna wa takardar tambur. Wahalar tana ga mutumin ƙauyen kan iyaka, wanda kotun ke Mokolo ko Kuseri, takardar kuma da Faransanci ake rubuta ta, kafin ya sami mai rubuta masa da kuɗin mota kwana 15 na farko sun kusa cika.