Mene ne "yurik asid" da ake cewa ya hau?

Kwana uku bayan Babbar Sallah wani kawuna ya kwanta lafiya ƙalau, amma kafin kiran assalatu ya kasa taka ƙasa. Gindin babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura suntum, fatar tana sheƙi, wurin ya ɗau zafi kamar an ɗora garwashi. Ko gefen mayafi ne ya shafi yatsan sai ya yi ƙara. A zaune ya yi sallar asuba. Mai ɗakinsa ta ce kunama ce, wani maƙwabci ya ce sanyi ne ya sauka. Da suka dawo daga asibiti na ce masa, "Kawu, me likita ya ce muku?" Sai ya miƙo mini takarda ya ce, "Wai asid ne ya yi yawa a jinina. Duba mini nan, ɗana, ka gaya mini ko na mutuwa ne."

Wannan kalma ta yurik asid yanzu ta shiga bakin mutane. Mai ciwon gwiwa, mai ciwon baya, mai jin kasala, kowa za ka ji ya ce "yurik asid ɗina ne ya hau". Wasu in sun ji asid sai hankalinsu ya tafi ga ruwan batir ko ƙwannafi. Ba ko ɗaya ba ne.

Yurik asid shara ce da jiki ke samarwa da kansa kullum. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wasu sinadarai da ake kira fiyurin, waɗanda da su aka gina ƙwayoyin gado. Kowace rana ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu. Jiki yana sake amfani da wani ɓangare na fiyurin ɗin, ragowar kuma hanta ta farfasa shi, abin da ya saura a ƙarshe shi ne yurik asid. Kamar toka ce a murhu: muddin ana girki, sai an same ta. Mafi yawansa daga jikin yake fitowa, abinci kaso mafi ƙanƙanta yake kawowa. Daga nan ya bi jini, ƙoda ta tace kusan kashi biyu cikin uku ta fitar a fitsari, sauran ya fita ta hanji.

Duk wanda ya taɓa share akurki ya ga yurik asid da idonsa. Farin nan da ke saman kashin kaza ko na ƙadangare, shi ne. Tsuntsaye da dabbobi masu jan ciki ta haka suke fitar da shararsu don kada su yi asarar ruwa. Akuya da saniya da doki kuwa suna da wani sinadari a hantarsu, yurikes, wanda ke mayar da yurik asid wani abu mai saurin narkewa ya bi fitsari. Ɗan Adam da manyan birai irin su gorila ba su da shi. Shi ya sa jininmu yake ɗauke da yurik asid fiye da na yawancin dabbobi masu shayarwa, kuma shi ya sa ciwon nan yake samun mu.

Ga inda matsalar take. In kana zuba gishiri a kofin ruwa, akwai inda zai kai ya daina narkewa ya kwanta a ƙasa. Jini ma yana da iyakarsa: wajen miligiram 6.8 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita), a ɗumin jiki na yau da kullum. In yurik asid ya wuce nan ya daɗe, watanni ko shekaru, sai ya fara daskarewa ya zama 'yan ƙananan tsinkaye masu tsini kamar allura, su taru a gaɓoɓi. Sanyi yana taimaka musu, don haka suka fi son ƙarshen jiki inda ɗumi ya yi ƙaranci: babban yatsan ƙafa, idon sawu, gwiwa, yatsun hannu. Suna iya zama shiru na tsawon lokaci. Ranar da wani abu ya motsa su, fararen ƙwayoyin jini su ɗauke su a matsayin abokan gaba su far musu. Wannan faɗan shi ne kumburin da zafin da raɗaɗin da ya tada kawuna cikin dare. Sunan ciwon gawut.

An daɗe da sanin ciwon kafin a san dalilinsa. Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya hangi tsinkayen nan da madubin ƙara girma a 1679. Carl Wilhelm Scheele na Suwidin ya ware yurik asid daga tsakuwar mafitsara a 1776. Sai a 1848 wani likitan Landan, Alfred Baring Garrod, ya nuna cewa jinin masu gawut yana ɗauke da shi fiye da kima. A Turai sun riƙa ce masa ciwon sarakuna, saboda ya fi kama masu cin nama da shan giya. Wannan laƙabi, a ganina, ya yi ɓarna, domin har yau mutane suna ɗauka cewa ciwon ƙoshi ne kawai, alhali talaka mai raunin ƙoda ma yana kamuwa.

Gwajin ba wuya: a ɗebi jini kaɗan daga jijiyar hannu. A takardar sakamako za ka ga lamba da mg/dL a gefenta, wato miligiram a kowace desilita. Galibi ana cewa ya hau in ya wuce 7 ga namiji, ko 6 ga mace. Wasu ɗakunan gwaji da ma'aunin maikromol suke rubutawa, a nan 7 ta zama wajen 420, 6 kuma wajen 360. Na sha ganin wanda ya ga 380 a takardarsa hankalinsa ya tashi, don ya ji an ce iyakar 7 ce. A duba ma'aunin tukuna kafin a duba lambar.

Amma lambar ita kaɗai ba ta yanke hukunci, kuma nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Yawancin mutanen da yurik asid ɗinsu ya hau ba sa taɓa yin gawut har ƙarshen rayuwarsu. To in dattijo mai ciwon gwiwa na shekara da shekaru ya yi gwaji aka ga 7.5, wannan bai nuna shi ne sanadin ciwon ba. Mai yiwuwa guringuntsin gwiwar ne ya zaizaye saboda shekaru da nauyi, wanda wani ciwo ne daban, maganinsa daban. Haka kuma, a tsakiyar tashin gawut lambar tana iya sauka ta nuna daidai, a ce wa mutum ba shi ba ne alhali shi ne. Saboda haka likitoci kan sake gwajin bayan mako biyu zuwa huɗu da lafawar ciwon. Hujja mafi ƙarfi ita ce a zuƙo ruwan gaɓar da sirinji a duba a ga tsinkayen. Wannan yana da wani amfani babba: gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga ita ma tana kumbura ta yi zafi kamar gawut, kuma tana iya lalacewa cikin kwanaki. Kumburin gaɓa da zazzaɓi ba abin jira ba ne a gida.

Me ke sa ya hau? A wajen mutum tara cikin goma, ƙoda ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata, sau da yawa kuma abin gado ne. Ciwon ƙoda, ƙiba, hawan jini da ciwon suga suna tafiya tare da shi. Wasu magunguna ma suna ɗaga shi: magungunan hawan jini masu sa fitsari, asfirin ɗan kaɗan da ake sha kullum, da firazinamid da ake bai wa masu tarin fuka. Kada wanda ke shan su ya daina da kansa, ya dai gaya wa likitansa. Cututtukan da ke sa ƙwayoyin jini mutuwa da yawa, irin su sikila da sankarar jini, su ma suna ƙara shi. Mata kuwa sinadarin jikinsu na istirojin yana taimaka wa ƙoda, shi ya sa ba kasafai yake kama su ba sai bayan haila ta ɗauke.

Abinci yana da nasa rabon. Hanta, ƙoda da sauran kayan ciki, jan nama mai yawa, sardin da jatan lande suna cike da fiyurin. Giya tana ƙara shi ta kuma hana ƙoda fitar da shi. Lemon kwalba mai zaƙi, wanda ba nama a cikinsa ko kaɗan, yana sa hanta ta samar da ƙari. Rashin ruwa a jiki da doguwar yunwa ma suna ɗaga shi, don haka mai gawut ya kula da shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake hana mutane wake, ƙosai, alale da alayyahu. Fiyurin na tsirrai ba a same shi yana ƙara haɗarin gawut ba, nono da madara marasa maiƙo ma taimako suke yi. A raba talaka da wake, me aka bar masa?

Magani iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Akwai na kashe wutar tashin ciwo, kamar kolcisin da magungunan rage kumburi. Akwai kuma na rage yurik asid ɗin kansa, wanda aka fi sani shi ne alofurinol, da ke hana sinadarin hanta mai samar da shi aiki. Wannan ba na kwana biyar ba ne, kullum ake sha, sau da yawa har tsawon rai, burin kuwa a riƙe lambar ƙasa da 6 har tsofaffin tsinkayen su narke. A farkon shansa ciwon yana iya tashi, mutum ya zaci maganin ne bai karɓe shi ba ya watsar. Ƙuraje a fata ko gyambo a baki kuwa dalili ne na tsayawa nan take a koma asibiti. Likita ke yanke wa ya kamata ya fara shi, musamman mai yawan tashin ciwo, ko mai tsakuwar ƙoda, ko wanda farin ƙullutu kamar alli ya fara fito masa a gwiwar hannu ko gefen kunne.

Kawuna da farko kemis ya riƙa aikawa a sayo masa diklofenak, maganin rage zafi da kumburi, duk lokacin da yatsan ya motsa. Zafin yana lafawa cikin kwana biyu, tsinkayen suna nan suna ƙaruwa, maganin kuma yana wahalar da ƙodar da ita ce tun asali ta gaza. Sai a tashi na uku, da ciwon ya haura idon sawu, ya yarda aka gwada ƙodar tare da yurik asid ɗin. Yanzu yana shan ƙwayarsa kowace safiya, ana duba jininsa lokaci-lokaci, lambar ta sauko ƙasa da 6. A layyar bana ya ci 'yar tsokarsa, hantar kuma ya tura wa jikoki.