Waiwaye: Yadda haƙƙin ƙirƙira ya bar hannun mai basira ya koma na kamfani

A wani shagon walda da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina na tarar da wani yaron shago yana gwada injin ɓarar gyaɗa da ya yi wa dabara. Ya canza rariyar ciki, ya rage wa gangar gudu, sai ga ƙwaya tana zubowa ba ta farfashe ba. Na ce, "Samari, wannan dabarar ta wa ce, taka ko ta maigida?" Ya share gumi ya ce, "Baba, ai ƙarfensa ne, wutarsa ce." Bai sani ba, kusan abin da dokar Najeriya ta ce ke nan.

Can baya ba haka abin yake ba. Birnin Venis ya yi dokarsa a 1474, Ingila ta yi tata a 1624, kuma mutum ake bai wa takardar mallakar ƙirƙira, wanda ya fara kawo abin. A Ingila shekara 14 yake yi yana cin gajiyarta shi kaɗai.

Lamarin ya juya ne lokacin da ƙirƙira ta zama aikin albashi. A 1876 Thomas Edison ya buɗe ɗakin gwaje-gwajensa a Menlo Park, ya tara maƙera da injiniyoyi, ya ƙare da takardun mallaka 1,093 a Amurka da sunansa. Kamfanin General Electric ya buɗe nasa a 1900. Sai dai kotuna ba su sakar wa kamfanoni mara ba. A 1933 Kotun Ƙolin Amurka ta ce idan ba don ƙirƙira aka ɗauki ma'aikaci ba, kuma bai sa hannu kan komai ba, abin da ya ƙirƙiro nasa ne. Iyakar rabon maigida shi ne ya yi amfani da shi kyauta. Shi ya sa kamfanonin can ke cusa sharaɗin miƙa haƙƙi a takardar ɗaukar aiki, mutum ya sa hannu ranar da yake ɗokin samun albashi, tun bai ƙirƙiri ko allura ba.

Kalma ɗaya a irin wannan takarda takan yanke hukunci. Wani mai bincike ya rubuta wa Jami'ar Stanford cewa ya yarda zai miƙa haƙƙin abin da ya ƙirƙiro, sannan ya rubuta wa wani kamfani cewa ya miƙa. Aka yi ta shari'a tsakanin jami'ar da kamfanin Roche, wanda ya gaji haƙƙin wancan kamfanin, kan hanyar auna ƙwayar HIV a jini, har Kotun Ƙoli a 2011, jami'ar ta sha ƙasa. "Zan" alkawari ne kawai.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Shuji Nakamura na Japan. Farin hasken tocilan caji da fitilar sola da muke kunnawa idan an ɗauke wuta, daga shuɗin ƙwan LED da ya yi wa kamfanin Nichia ya samo asali. Tukwicinsa yen 20,000. Ya kai ƙara, a 2004 kotu a Tokyo ta ce a ba shi yen biliyan 20, aka ɗaukaka ƙara, a 2005 aka sasanta kan miliyan 840. Ya samu kyautar Nobel a 2014. Jamus kuwa tun 1957 ta yi dokar da ta wajabta a biya ma'aikaci.

Mu nan, ƙarƙashin dokar Turawan mulki ta 1925, sai an ba ka takarda a Birtaniya kafin a yi maka rajista a Najeriya. Ka ga maƙerin Daura ba ya cikin lissafi. Dokar 1970, wadda ake aiki da ita har yau, ta ba da shekara 20, amma ta hutar da kamfani wahalar neman sa hannu: abin da aka ƙirƙiro a bakin aiki na mai ɗaukar aikin ne, haka kuma wanda ya ba da kwangila. Abu biyu ta bar wa mai basira, kuma ta ce babu yarjejeniyar da za ta shafe su. Dole a ambaci sunansa a takardar. Sannan idan ba a ɗauke shi don ƙirƙira ba amma ya yi amfani da kayan wurin aikin, ko abin ya zama mai muhimmanci na musamman, yana da haƙƙin lada gwargwadon albashinsa da darajar abin. A ganina wannan sashen ya fi ƙarfi a takarda, don ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ja da mai biyansa.

Wanda yake da takarda ya ga dama ya sayar, sai a rubuce, kowa ya sa hannu, a yi rajistar cinikin a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, in ba haka ba cinikin ba ya ɗaure wani na waje. Wanda ya riga shigar da takarda shi ofishin yake bai wa, ko shi ya ƙirƙiro ko ba shi ba. Idan wani ya leƙa shagon nan na Ƙofar Ƙaura ya auna rariyar ya riga su zuwa Abuja, yaron da maigidansa sai sun dangana da Babbar Kotun Tarayya kafin su ƙwato abinsu, ga shi ko zanen injin ba su ajiye ba.