Waiwaye: ƙananan dodon koɗin teku da wahalar da suka ba masu rarraba halittu

Duk wanda ya taɓa riƙe wuri ya riƙe ƙwanson dodon koɗin teku. Sai dai wuri, mai tsawon santimita biyu ko kusa da haka, ƙato ne a cikin 'yan'uwansa. Akwai dubban nau'o'i da ko sun gama girma ba sa wuce milimita 5, wasunsu ma ba su kai ƙwayar gero ba. Ammonicera minortalis, wanda Emilio Rolán ya bayyana daga ruwan Kyuba a 1992, bai kai rabin milimita ba. Abin da ya haɗa waɗannan halittu ƙanƙanta ce kawai, da irin kayan aikin da ake bukata kafin a gan su. Jini bai haɗa su ba. Yawancin rikicin da aka sha wajen rarraba su ya samo asali ne daga nan: ƙwanso in ya ƙanƙance, alamominsa sukan ragu, sai bare da ɗan gida su yi kama.

Daga yashin bakin teku aikin ya faro. A 1739 wani likita a Rimini ta Italiya, Giovanni Bianchi, ya wallafa zanen ƙananan ƙwansunan da ya tsinto a yashin garinsu da madubin ƙara girma. A 1784 William Boys da George Walker suka yi irin haka da yashin Sandwich a Ingila. A wancan zamani duk abin da ya naɗe kamar katantanwa, katantanwa ake ɗaukarsa. Ashe da yawa daga abin da suka zana ba dodon koɗi ba ne sam, wasu halittu ne masu ƙwayar halitta ɗaya tak da ake kira foraminifera, masu gina gida ɗaki-ɗaki. Har a 1826 Alcide d'Orbigny yana lissafa su cikin dangin Nautilus, wata dabbar teku mai ƙwanso ɗaki-ɗaki. Sai a 1835 Félix Dujardin ya duba masu rai, ya ga babu kai babu hanji, sai wani abu mai yauƙi da ke miƙo zare-zare daga cikin gidan. Har gobe sabon shiga yakan faɗa wannan rami. Yadda ake rabewa shi ne, ƙwanson dodon koɗi bututu ne guda da ya naɗe ya ƙare da baki ɗaya, na foraminifera kuwa a yanke yake ɗaki-ɗaki, kuma layukan yankan sukan fito fili in an jiƙa shi da ɗigon ruwa.

Afirka ta Yamma ta shigo labarin da wuri. Michel Adanson ya zauna a Senegal daga 1749 zuwa 1753, kuma a littafinsa na 1757 ya dage cewa a duba dabbar da ke cikin ƙwanson, ba ƙwanson kaɗai ba. Ya riga zamaninsa. Amma dokar sanya wa dabbobi suna ta ɗauki 1758, shekarar bugu na goma na littafin Linnaeus, masanin da ya kafa tsarin sanya wa halittu suna, a matsayin mafari, don haka sunayen Adanson ba su shiga lissafi ba. Wasu sun dawo ta hannun na baya: jinsin Fossarus, wanda Philippi ya kafa a 1841, daga sunan da Adanson ya ba wani ɗan ƙaramin dodon koɗin duwatsun gaɓa aka samo shi. Shi kuwa Linnaeus jinsuna kaɗan ya tanada, sai aka riƙa cusa ƙananan a cikin Turbo da Helix ko sun dace ko ba su dace ba.

Misalin da ya fi nuna yadda ƙwanso ke ruɗi shi ne Caecum. Ɗan bututu ne lanƙwasasshe, tsawon milimita 2 zuwa 3, buɗe a gefe ɗaya, toshe a ɗayan. George Montagu ya sa shi cikin Dentalium a 1803, wato wani rukuni dabam wanda ba na dodon koɗi ba, kafin John Fleming ya ba shi jinsinsa a 1813. Ga abin da ke faruwa a rayuwarsa. Yana jariri ƙwansonsa a naɗe yake kamar na kowa. Daga nan sai ya fara miƙewa ya zama bututu. In ya ƙara girma sai ya gina bango a ciki, ya karye tsohon ɓangaren ya yar, kuma yakan maimaita haka. Dabba ɗaya ke nan tana barin ƙwanso kala uku ko fiye a cikin yashi, kowane da siffarsa da kaurinsa. Mai tsinta da bai san wannan ba sai ya ba kowane sunansa, kuma an yi hakan. Siffar wannan toshin, ko mai tsini ne ko mai doro, tana cikin manyan alamomin da ake rabe nau'o'in Caecum da su yau. Irin wannan kuskure ya faru da jariran manyan dodon koɗi da ke yawo a saman teku: sunaye irin su Sinusigera da Macgillivrayia an ƙirƙire su ne a kan jarirai, ana zaton manya ne.

Ƙarni na 19 shi ne zamanin ambaliyar sunaye. John Gwyn Jeffreys ya riƙa jan ragar kwasar laka a ƙasan tekun Birtaniya, ya fitar da juzu'i biyar tsakanin 1862 da 1869. Léopold de Folin a Faransa ya riƙa karɓar lakar da ta manne a angar jiragen ruwa daga hannun matuƙa yana wankewa yana tsinta. Philip Carpenter ya wanke manyan ƙwansunan da aka kawo daga Mazatlán ta Meziko, ya zaƙulo ƙananan da suka maƙale a ramukansu, ya wallafa jerinsu a 1857 ba tare da zane ba. Zanen da ya yi da hannunsa sai a 1966 aka buga su. Arthur Adams ya bayyana ɗimbin nau'o'i daga Japan da layi biyu ko uku na Latin, mafi yawa babu hoto, samfuransa kuma suka watse a gidajen adana daban-daban. Wannan ba ƙaramar illa ba ce, domin doka ta ce tsohon suna shi ke da gaba. Wanda ya samo abin da yake zaton sabo ne, dole ya fara tabbatar da cewa ba shi Adams yake nufi ba da “ɗan ƙwanso fari, mai santsi, mai zagaye biyar”, siffar da ta dace da nau'i ɗari. Jinsuna irin su Rissoa, wanda aka raɗa wa sunan Antoine Risso na birnin Nis da ke Faransa a yau, a 1814, da Odostomia da Turbonilla, suka zama wurin jibge duk abin da aka rasa inda za a kai shi.

Masu duba dabba mai rai su ne suka fara warware ƙullin. A 1852 Johannes Müller ya bayyana wata aba kamar tsutsa da ya tarar a cikin jikin dabbar da ake kira kokwamban teku a Triyeste da ke Italiya a yau, cike da jarirai masu ƙwanson dodon koɗi. Ita ce Entoconcha, 'yar dangin Eulimidae, waɗanda ke rayuwar ci-ma-zaune a jikin tauraron teku da danginsa, har wasu suka rasa ƙwanso ɗungurungum. A 1949 Vera Fretter da Alastair Graham suka nuna cewa dangin Pyramidellidae ba su da harshen nan mai jerin haƙora da sauran ke kankarar abinci da shi. Dogon baki gare su mai allura, suna huda tsutsotsin teku da kawa su tsotsi ruwan jikinsu, kuma tsarin jikinsu ya nuna ba a rukunin da aka daɗe da ajiye su suke ba. Alamar tana nan a ƙwanson tun can: ƙwanson jarirtarsu hagu yake naɗewa, na girma kuma dama, sai ka ga tsinin ya kwanta a gicciye ko ya nutse cikin zagayen farko.

Wannan tsini, wato ƙwanson jarirta, shi ya zama babban abin dubawa bayan 1965, lokacin da madubin lantarki mai ɗaukar hoton saman abu ya shigo kasuwa. Faɗinsa sau da yawa bai wuce kashi uku ko huɗu cikin goma na milimita ba, amma yana ɗauke da tarihin jaririn. In zagayensa ya kai biyu da rabi zuwa huɗu, da ɗan mitsitsin mafari, jaririn ya yi makonni yana yawo yana ci a cikin ruwa, don haka nau'in yakan bazu nesa. In zagaye ɗaya ne ko ɗaya da rabi, da mafari mai kumburi, ƙwan babba ne mai wadatar abinci, jaririn bai yi nisa da uwarsa ba, kuma irin waɗannan ne ake samu a tsibiri ɗaya tak. Ana samun nau'i biyu da manyansu ba a rabe su, sai a tsinin. Wasu sun zarce har suna kafa jinsi sabo a kan wannan bambanci kaɗai, abin da bai tsaya ba, domin sauyin daga doguwar jarirta zuwa gajera ya auku sau da dama a zuriyoyi daban-daban. Da wannan madubi da fiɗar dabbar Winston Ponder ya sake tsara jinsunan Rissoidae a 1985, Anders Warén kuma ya yi wa Eulimidae irin haka a shekarun.

Yawansu kuwa sai a Koumac ta Sabuwar Kaledoniya, a tekun Pasifik, aka auna shi da kyau. Ayarin Philippe Bouchet na gidan adana halittu na Faris ya yi aiki a can a 1993, ya fitar da sakamako a 2002: nau'i 2,738 na dodon koɗi da sauran danginsu masu laushin jiki, manya da ƙanana, daga samfuri 127,652. Kashi ɗaya cikin uku ba sa wuce milimita 4.1 in sun girma, kashi 20 cikin ɗari samfuri ɗaya tak aka samu nasu, kashi 28.5 kuma ƙwanso kawai aka gani, babu mai rai. Abin da ya bambanta aikin da na baya shi ne hanyar kamu. Maimakon tsinta da ido, masu nutso suna goge duwatsu da burushi a cikin kwando mai raga, suna zuƙe laka da bututun iska, a kawo gaɓa a tace.

Tacewar ce ke yanke abin da za a gani. Ana jera rariya daga mai ido milimita 5 zuwa 2, zuwa 1, zuwa 0.5, a tsinci kowane kaso dabam, don manyan tsakuwa kan ɓoye ƙananan ƙwanso. Wanda ya tsaya a 0.5 ya zubar da dangin Omalogyridae da ruwan wanki. Su sai rariyar 0.25 ko 0.3. In yashin gaɓa ne, a wanke gishirin da ruwan daɗi, a shanya ya bushe ƙarau, a zuba a bokitin ruwa a hankali. Ƙwansunan da iska ta cika su za su taso a kwashe da ƙyalle mai laushi, sai dai fasassu da masu kauri suna nutsewa, don haka ba a zubar da na ƙasa ba a duba ba. In masu rai ake so, a girgiza ciyawar teku a ruwan daɗi na ɗan lokaci su saki, a mayar da su ruwan teku nan take, ko a bar ciyawar a faranti da ruwan teku har iskar ruwan ta ragu su hauro gefe da kansu. Ana ɗaukarsu da jiƙaƙƙen burushin zane mafi siriri a kan baƙin faranti. Hantsaki na ƙarfe yana fasa baki, injin wanki mai girgiza kuma yana iya cire tsinin da ake nema.

Adanawa ma da nata tarkon. Don dabbar ta miƙe a ga kanta da ƙafarta, ana sumar da ita da gishirin magnesiyam kulorayid, kimanin giram 7.5 a ruwan daɗi mililita 100. Fomalin yana kiyaye nama don fiɗa, amma yana lalata DNA, wato sinadarin gado, kuma in ya yi tsami yana narkar da ƙwanso. Don gwajin DNA itanol mai ƙarfin kashi 95 ko 96 ake sawa. Matsalar ita ce dabbar takan ja jiki ta rufe murfinta, itanol bai shiga ba, naman ya ruɓe a ciki alhali daga waje komai lafiya. Shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙwanson tukuna sannan a fasa shi, a ajiye ɗan'uwansa cikakke ya zama shaida. Busasshen ƙwanso kuwa maƙiyinsa tururin tsami ne da ke fita daga katako da kwali da auduga. In ya haɗu da laima sai farin gishiri ya feso a jikin ƙwanson, cutar da ake kira da sunan Byne, wanda ya bayyana ta a 1899 yana zaton ƙwayoyin cuta ne. Babban ƙwanso sheƙi kawai yake rasawa, na milimita ɗaya kuwa gari yake komawa, kuma ta haka aka yi asarar samfuran asali da dama, wato waɗanda aka fara bayyana nau'in da su. Wasu tsofaffin kwalaben gilashi ma suna fitar da sinadarin da ke cin ƙwanso. Ana sa samfurin a ƙwanson magani na jelatin da takarda marar tsami, amma a wuri mai laima jelatin kan yi laushi ya manne.

Gwajin DNA, musamman wani guntun DNA da ake kira COI, mai harafi 658, da aka fara amfani da shi a matsayin lambar shaida tun 2003, ya rushe wasu rukunan da suka saura. Ƙananan fararen ƙwansuna masu faɗi da aka tara a Skeneidae sun tashi 'yan zuriyoyi da dama da ba su haɗa kaka na kusa ba. A 2013 Francesco Criscione da Ponder suka raba babban rukunin Rissooidea gida biyu, Caecum ya koma ɓangaren Truncatelloidea. Pyramidellidae kuma suka bayyana kusa da dodon koɗin tudu masu huhu. Tsarin Bouchet da Rocroi na 2005, da gyaransa na 2017, shi ake bi yanzu, ana sabunta sunayen a WoRMS, rumbun sunayen halittun teku da ke Ostend ta Beljiyam. Amma tsugune ba ta ƙare ba, tunda nau'in da ƙwansonsa kaɗai aka sani babu naman da za a gwada.

A gaɓar Afirka ta Yamma, aikin da ya fi yawa a kan ƙananan shi ne na Anselmo Peñas da Rolán daga Sifen a kan Pyramidellidae, wanda suka fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1990, da na Serge Gofas a kan Rissoidae. Samfuransu sun fito ne daga wurare irin su Senegal, Gana, Sawo Tome da Angola, akasari daga lakar da aka jawo da raga ko aka kwaso da nutso, kuma samfuran asali na yawancin sababbin nau'o'in suna ajiye a Madrid da Faris.